Libre, Dexcom, 'Yan China Ko Mitar Yatsa: Wace Na'urar Auna Suga Ce Ta Dace Da Kai?

Mai ciwon suga da ke soka yatsa safe da yamma lamba biyu kacal yake gani a awa 24. Abin da suga ya yi tsakanin isha da asuba, ko awa guda bayan an tashi daga kan tuwo, duk a duhu yake wucewa. Wannan giɓin ne na'urar mannawa da likitoci ke kira CGM ta zo cikewa. Ɗan faifai ne kamar kwabo da ake mannawa a bayan damtse, da wani siririn zare mai tsawon kusan milimita 5 da ke shiga ƙarƙashin fata. Allurar da ta shigar da zaren fita take nan take, zaren kaɗai ke zama. Daga nan sai ya riƙa aika lamba zuwa waya dare da rana har kwanakinsa su cika, a ɓamɓare shi a manna sabo. Faifan shi ake kira sensa.

Akwai abin da ya kamata a sani tun kafin a zo maganar saye: sensa ba jini take aunawa ba. Ruwan jiki da ke kwance ƙarƙashin fata take aunawa, shi kuwa yana bin bayan jini da kamar minti 5 zuwa 15. Idan suga yana zaune, lambar sensa da ta yatsa kusan ɗaya suke. Idan yana gudu, sama ko ƙasa, sai su raba hanya. Shi ya sa duk wanda ya sayi sensa ba zai jefar da mitarsa ba, kowace iri ya saya.

Ma'aunan da za a ɗora kowace a kai

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi: shin suganka yana faɗuwa? Mai allurar insulin, da mai shan glibenclamide ko gliclazide ko glimepiride, suga na iya sauka musu ƙasa da 70 (a ma'aunin mg/dL, wanda shi za a bi a nan) cikin barci. Mai shan metformin kaɗai da wuya hakan ta same shi. Wanda sugansa ke faɗuwa ƙararrawar da za ta tashe shi yake nema. Mai metformin ilimin abincinsa yake nema, kuma wannan ba ya bukatar sensa kullum.

Na biyu, kuɗin shekara, ba na kwali ɗaya ba. Kayan duk na waje ne, dala ke jan farashinsu, don haka lissafin da ba ya tsufa shi ne yawan sensa: mai kwana 14 guda 26 ne a shekara, mai kwana 15 guda 25, mai kwana 10 kuwa wajen 36. A ƙara biyu ko uku saboda waɗanda za su ɓalle kafin lokaci. Don a ga girman abin, sensar Libre guda kusan fam 50 ce ga mai saye da kuɗinsa a Ingila. A canjin 2025 da fam ke wajen naira 2,000, guda biyu na wata ɗaya sun kai kusan naira 200,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Najeriya a 2024 naira 70,000 ne.

Na uku, samuwa. Sensar da za ka samu yau ka rasa wata uku ba ta kai wadda ta ɗan gaza ta amma kullum tana kemis ba.

Na huɗu, wayarka. Nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗi. Libre sai wayar da ke da NFC (fasahar da ke sa waya ta karanta abu idan an kara ta a jikinsa) take farawa, kuma da yawa daga ƙananan wayoyin Tecno da Infinix da itel ba su da shi. Dexcom ba ta neman NFC, amma manhajarta tana da tsauri, ba kowace waya take hawa ba. A sauke manhajar a ga ta buɗe kafin a biya kuɗin sensa. Idan ta ƙi, sai a lissafa da kuɗin ƙaramar na'urar karantawa da kamfanin ke sayarwa daban.

Na biyar, juriyar zafi da gumi da ruwa. Na shida, magungunan da kake sha, domin akwai masu ruɗa sensa ta ba da lambar ƙarya.

Daidaito fa? Kamfanoni suna tallata wata lamba da ake kira MARD, wato matsakaicin tazarar da ke tsakanin sensa da gwajin ɗakin bincike. Libre 2 tana wajen kashi 9 cikin 100, Libre 3 da Dexcom G7 wajen kashi 8. Ma'anar kashi 9 ita ce idan suga na gaskiya 150 ne, ganin 137 ko 163 ba abin mamaki ba ne. Bambancin kashi ɗaya tsakanin manyan kamfanonin bai isa ya sa ka zaɓi wata ka bar wata ba, musamman da yake kowa alƙaluman bincikensa yake kawowa.

Mitar yatsa

Da ita ya kamata a fara, domin ita ce alƙalin sauran. Accu-Chek, OneTouch, On Call Plus, Fine Test, duk ana samunsu da tsinkayen gwajinsu a manyan kemis. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta 2013 ta ce kashi 95 cikin 100 na sakamakon mita mai kyau kada ya kauce wa na ɗakin bincike da fiye da 15 idan suga bai kai 100 ba, ko kashi 15 cikin 100 idan ya haura haka. Ba ta neman intanet, ba ta neman caji, batirinta na yin watanni.

Kuɗinta yana bin yawan gwaji. Mai gwaji sau huɗu a rana tsinke 120 zai ci a wata, wato gwangwani biyu da rabi na masu 50. Mai gwaji sau uku a mako gwangwani ɗaya zai kai shi kusan wata huɗu, sai dai ya duba wa'adin da aka rubuta na bayan buɗewa. Abin da ke ɓata sakamako sananne ne: yatsan da ya taɓa mangwaro ko dabino ba a wanke ba yana iya ba da lamba mai tayar da hankali, gwangwanin da aka bari a buɗe yana shan danshi, tsinken da ya kwana a mota cikin rana ya lalace. Ƙarancin jini mai tsanani kuma yana sa mita ta nuna sama da gaskiya. Babban raunin ta dai shi ne ba ta magana sai an tambaye ta, kuma mai barci ba ya tambaya.

FreeStyle Libre

Ta kamfanin Abbott ce, ta fara fita a Turai a 2014, kuma ita ce sunan da aka fi sani a wannan fanni a ƙasashenmu. Tana yin kwana 14, sababbin da ake kira Plus kuma 15. Bayan mannawa ana jiran awa ɗaya kafin lamba ta fara fitowa. Ba a saita ta da gwajin yatsa, kuma ko kana so ba ta karɓa. Wannan sauƙi ne, amma idan aka yi rashin sa'a sensa ta zo tana karanta ƙasa da gaskiya da tazarar 20 ko 30, haka za a zauna da ita, a riƙe bambancin a ka.

Zuriyar uku ce, kuma wajibi ne a san wadda ake miƙo maka. Ta farko ba ta da ƙararrawa sam, sai ka kara waya a jikinta take ba da lamba. Libre 2 tana da ƙararrawar faɗuwa da za ka iya saitawa tsakanin 60 da 100, da ta hauhawa. Amma ƙwaƙwalwarta awa 8 kawai take riƙewa: idan waya ta mutu da daddare babu wuta, aka wuce awa 8 ba a kara ta ba, abin da ya gabata ya tafi. Libre 3 ƙarama ce sosai, faɗinta milimita 21 ne inda ta biyu ke da 35, tana aika lamba kowane minti, kuma tana adana bayanan kwanakinta duka ko waya ta yi nisa. Ga wanda wutar unguwarsu ba ta da tabbas, wannan bambancin ya fi ƙanƙantar jiki muhimmanci. A 2025 kamfanin ya fara maye gurbin tsofaffin da samfurin Plus a Ingila da Amurka, don haka tsohon kaya da aka kwaso da araha a duba ranar ƙarewarsa da kyau.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne na ƙasa. An ɗaure sensar da manhajar ƙasar da aka sayar da ita. Ɗan'uwa ya aiko da sensa daga Amurka, wayarka kuma da manhajar Ingila, sai ta ƙi farawa, kuɗi ya tafi. Manhajar ce kuma ke tsayar da ma'auni: ta Ingila mmol/L take nunawa, ba a canzawa. Wanda ya saba da mg/dL sai ya ninka da 18, wato 7.0 daidai take da 126. A Nijar, inda takardun asibiti ke zuwa da g/L, wannan lambar ita ce 1.26.

Tana jure ruwa zurfin mita ɗaya na minti 30, don haka wanka ba ya cutar da ita. Bitamin C fiye da miligiram 500 a rana yana sa Libre 2 da 3 su nuna sama da gaskiya, kuma ƙwayar nan da ake jefawa a ruwa tana tafasa sau da yawa 1,000 ce. Haɗarin a fili yake: suga yana ƙasa, sensa tana cewa lafiya lau. Mutum 20 na iya bin lambarka daga nesa ta manhajar LibreLinkUp, matuƙar wayoyin suna da data.

Dexcom G7

Ƙarfinta a ƙararrawa yake. Tana da gargaɗin da aka gina a ciki na idan suga ya sauka zuwa 55, sannan tana da wanda ya fi shi amfani: tana hango cewa nan da minti 20 suga zai kai 55, ta yi kuka tun mutum yana da hankalin da zai kai hannu ga sukari. Ga yaro mai ciwon suga nau'i na ɗaya, ko babban da ya daina jin alamun faɗuwa (rawar jiki da gumi da bugun zuciya sun daina zuwa masa, sai dai kawai a ga ya rikice), wannan minti 20 ɗin shi ne abin da ake biya.

Tana yin kwana 10 da ƙarin awa 12 na sauyi. Jiranta minti 30 ne, tana ba da lamba kowane minti 5, tana cike giɓin awa 24 idan waya ta dawo. Tana karɓar saiti da gwajin yatsa idan ta kauce, sai dai a yi shi lokacin da suga ke zaune, da hannu wankakke, in ba haka ba gyaran ya zama ɓarna. Juriyar ruwanta ta fi ta Libre, mita 2.4 har awa 24, kuma kwalinta yana zuwa da filastar rufi. An amince da ita daga shekara 2, mutum 10 kuma na iya bin lambar. A 2025 Amurka ta amince da samfurin kwana 15 ga manya. Akwai ƙanwarta, Dexcom ONE+, mai jiki iri ɗaya da sauƙin kuɗi, amma ba ta da gargaɗin hangen nan, ba ta kuma haɗuwa da famfon insulin, wato na'urar da ke tura insulin cikin jiki a kai a kai.

Illarta biyu ce. Ta farko kuɗi: sensa 36 a shekara, ga wahalar samu, don sau da yawa sai an yi saƙo daga waje, kuma wadda ta mutu a kwana na uku kamfani ba ya musanya ta cikin sauƙi ga wanda ya saya ta bayan fage. Ta biyu ta shafe mu kai tsaye. Maganin hydroxyurea da ake ba masu sikila yana sa Dexcom ta nuna suga sama da yadda yake, haka ma sensar kamfanin Medtronic. Mai sikila da ke da ciwon suga yana cikin waɗanda suka fi bukatar sensa, saboda gwajin HbA1c na wata uku ba abin dogaro ba ne a wurinsa: ƙwayoyin jininsa ba sa daɗewa, ƙarin jini kuma yana ƙara dagula lissafin. Idan yana shan hydroxyurea, ya kauce wa waɗannan biyun, domin zai iya ƙara insulin a kan lambar da ba gaskiya ba. Farasitamol ba ya damun G7 matuƙar bai wuce giram 1 a kowace awa 6 ba.

'Yan China

Sibionics GS1 daga Shenzhen, iCan i3 ta kamfanin Sinocare da ke Changsha, da AiDEX ta MicroTech da ke Hangzhou su ne sunayen da aka fi cin karo da su a kasuwannin intanet. GS1 kwana 14 take yi, lamba kowane minti 5, jiran awa ɗaya. iCan i3 kwana 15, lamba kowane minti 3, jiran awa biyu. Da Bluetooth suke aiki, abin da ya sa wayoyin da Libre ta ƙi sukan karɓe su, kuma galibi sun fi sauƙin kuɗi.

Ba adalci ba ne a yi musu kuɗin goro a ce araha ba ta ado. Suna nuna yanayin hawa da sauka, kuma ga mai son sanin abin da koko da ƙosai ke yi masa, wannan ya wadatar. Inda ake taka-tsantsan shi ne wurin yanke adadin insulin da dogaro da su cikin dare, domin binciken masu zaman kansu da aka yi a kansu bai kai yawan na Libre da Dexcom ba, musamman a yara da masu juna biyu. Wanda ya zaɓe su ya gwada su da mita sau ɗaya kullum da safe kafin karin kumallo a kwana ukun farko. Idan tazarar ba ta wuce 20 ba lokacin da suga ke ƙasa da 100, ko kashi 20 cikin 100 idan ya haura, sensar tana kan hanya. A duba shekarun da aka amince a takardar cikin kwali, a nemi lambar NAFDAC, a kuma tambayi mai sayarwa tun kafin biya ko yana musanya wadda ta mutu da wuri.

Sauran, a taƙaice

Guardian 4 ta Medtronic kwana 7 take yi, kuma amfaninta yana ga mai famfon insulin na kamfanin. Eversense likita ne ke dasa ta ƙarƙashin fata, samfurin da aka amince da shi a 2024 yana yin shekara guda, amma sai inda akwai wanda aka horar da dasawa da cirewa. Stelo da Lingo, da suka fito a Amurka a 2024 ba tare da takardar likita ba, an yi su ne don waɗanda ba sa allurar insulin, ba su da ƙararrawar faɗuwa. Mai insulin kada ya karɓe su ko kyauta ce.

| Na'ura | Kwanaki | Jiran farko | Tazarar lamba | Sensa a shekara | Nauyin aljihu |
|---|---|---|---|---|---|
| Mitar yatsa | babu iyaka | babu | sai an soka | babu | mafi sauƙi |
| Libre 2 / 2 Plus | 14 / 15 | awa 1 | minti 1, ko ta hanyar kara waya | 26 / 25 | mai nauyi |
| Libre 3 / 3 Plus | 14 / 15 | awa 1 | minti 1 | 26 / 25 | mai nauyi |
| Dexcom G7 | 10 da rabi | minti 30 | minti 5 | 35 zuwa 37 | mafi nauyi |
| Sibionics GS1 | 14 | awa 1 | minti 5 | 26 | matsakaici |
| iCan i3 | 15 | awa 2 | minti 3 | 25 | matsakaici |

Abin da ke kashe sensa kafin kwananta, kowace iri ce

Yawancin sensar da ake asara ba lalacewa take ba, ɓallewa take. Da hunturu mutum ya shafe jiki da basilin, ya ɗan goge wurin da auduga, ya manna. Kwana biyu gefen gam ɗin ya fara ɗagawa, ranar Juma'a wajen cire babbar riga ta tafi gaba ɗaya. Gam ba ya kama fata mai maiƙo. A wanke bayan damtse da sabulu marar mai, a tsane, a goge da sifirit, a bari ya bushe sarai na minti ɗaya ko biyu. Idan akwai gashi a aske tun jiya. Bayan mannawa a bi gefen da yatsa a danna. An fi so a manna da daddare bayan wanka, lokacin da gumi ya tsaya, gam ɗin ya samu awanni yana kamawa. Da bazara a ƙara filastar rufi mai rami a tsakiya. A ɗan karkata wurin zuwa baya da ciki, inda bakin ƙofa da ƙarfen Keke Napep ba sa gogawa. Mai goyo ta lura da inda zane da ƙafar yaro ke bi. A nisanci inda ake allurar insulin da yatsu uku zuwa huɗu, a kuma sauya hannu kowane zagaye.

Sai ajiya. Kwalin Libre 2 yana son digiri 4 zuwa 25, na G7 digiri 2 zuwa 30. A Sakkwato, Maiduguri, Yamai ko Damagaram, inda zafin Afrilu ke haura 40, ɗakin kwano ya wuce wannan nesa ba kusa ba. Abin da ke aunawa a jikin zaren sinadari ne mai laushi da zafi ke raunanawa, kuma ba a gane sensar da ta dahu sai ta fara shirme. A ajiye a ƙofar firji, ban da firiza, a fitar da ita sanyin ya sake ta kafin mannawa. Kada a tara kayan wata shida idan babu wurin sanyi, kada kuma a saya a shagon da kwalin ke jingine a gilashi rana na dukansa.

Akwai faɗuwar ƙarya ta dare. Mutum ya kwanta a kan hannun da sensa take, nauyinsa ya matse ruwan wurin, layi ya faɗo tsaye daga 110 zuwa 55 da ƙarfe uku, ƙararrawa ta ɗauka. Ya juya, cikin minti 15 lamba ta koma inda take. Faɗuwar gaske a hankali take gangarowa. Duk da haka ba a yanke hukunci da ido: a soka yatsa. Ranar farko ta kowace sensa ma lambobinta sukan yi rawa. Haka lokacin zazzaɓi, amai ko gudawa, jiki ya bushe, sensa ba ta da tabbas, ga shi maganin kwinin da kansa yana saukar da suga. Duk lokacin da jiki ya faɗi wani abu sensa ta faɗi wani, mita ce ke raba gardama. Idan faɗuwar ta tabbata, giram 15 na sukari, wato ƙwaya uku zuwa huɗu na mai iyali, ko cokalin cin abinci ɗaya na zuma, ko rabin kofin lemon kwalba, sannan a sake gwaji bayan minti 15.

A wayar Android a cire manhajar daga tsarin tanadin batir, in ba haka ba wayar za ta kashe ta a ɓoye, ƙararrawa ta yi shiru. Wayar ta kwana kusa da kai, tazarar Bluetooth mita 6 zuwa 10 ce, bango kuma yana rage ta. Manyan kamfanonin ma sukan janye kaya: Abbott ta janye wasu rukunin Libre 3 a 2024 saboda suna nuna sama da gaskiya, Dexcom ta janye wasu na'urorin karantawa a 2025 saboda lasifikarsu tana iya ƙin yin ƙara. A ajiye kwali saboda lambar rukuni. Mai zuwa hoton MRI ya faɗa wa ma'aikata akwai sensa a jikinsa, G7 sai an cire ta. Bayan damtse yana sama da gwiwar hannu, don haka alwala ba ta isa wurin. Hukuncin wankan wajibi kuma a kai wa malami, a bayyana masa cewa abin ba ya ciruwa a mayar.

Karanta abin da ta nuna

Kibiyar da ke gefen lamba ta fi lambar faɗar gaskiya. A Libre, kibiyar da ta miƙe ƙasa tana nufin suga na sauka fiye da 2 a kowane minti, don haka 110 da irin wannan kibiya 70 ce ko ƙasa nan da minti 20. Mai shirin hawa babur ya tsaya ya ci wani abu. Ma'aunin da masana suka amince da shi a 2019 ga yawancin manya shi ne a zauna tsakanin 70 da 180 fiye da kashi 70 cikin 100 na lokaci, wato wajen awa 17 a rana, ƙasa da 70 kada ya kai kashi 4, ƙasa da 54 kada ya kai kashi 1. Kuskuren da sabon mai sensa ya fi yi shi ne ya ga 230 awa guda bayan abinci, ya ƙara allura a kan wadda ba ta gama aiki ba, bayan awa uku sugan ya faɗi. Insulin mai saurin aiki yana ɗaukar kusan awa huɗu a jiki. Sauyin adadi da likita ake yin sa, da rahoton kwana 14 a gabansa.

Wa ya dace da wacce

Yaro ko matashi mai nau'i na ɗaya, da duk wanda ya taɓa suma saboda faɗuwar suga ko ya daina jin alamunta: G7 idan aljihu da hanyar samu sun tabbata har shekara, in ba haka ba Libre 2 ko 3 da ƙararrawa a kunne a kan 75 ko 80, uwa ko miji ko mata suna bin lambar a tasu wayar. Gara Libre da ba ta yankewa da Dexcom ta wata biyu.

Mai nau'i na biyu da ke allurar gauraye irin Mixtard safe da yamma: Libre ta ishe shi. Idan kuɗin kullum ya gagara, sensa ɗaya duk lokacin da likita zai sauya adadi, sauran kwanaki mita.

Mai shan metformin kaɗai: mita, da sensa ɗaya ta kwana 14 sau biyu ko uku a shekara, ko 'yar China ce. A yi amfani da kwanakin kamar makaranta. Yau tuwon shinkafa malmala biyu, gobe ɗaya da miyar zogale mai yawa. Yau shayi da burodi, gobe ɗanwake ko alala. Fura da sukari, fura babu sukari. Tafiyar minti 15 bayan abincin dare, da daren da ba a yi ba. A rubuta lokacin kowane ci. Gani ya kori ji, kuma abin da aka koya yana nan bayan an cire sensar.

Mai niyyar azumi da likita ya yarje masa: a manna sensa mako guda kafin watan don a ga yadda dare da la'asar suke, a tanadi ta biyu. Ƙa'idar da ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta fitar kan Ramadan ita ce a karya azumi idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, kuma gwajin yatsa ba ya karya azumi. Mai ƙararrawa ake so a nan, saboda faɗuwar takan zo ne tsakanin azahar da magariba, hauhawar kuma bayan kunu da dabino da soye-soyen buɗa-baki.

Mai juna biyu: G7 ko Libre 2 ko 3, waɗanda aka amince da su ga masu ciki, ƙarƙashin kulawar asibiti, domin iyakarta ta fi matsewa, 63 zuwa 140 ga mai nau'i na ɗaya. Mai sikila da ke shan hydroxyurea: Libre, tare da gwajin yatsa akai-akai. Mai wankin ƙoda ya tsaya ga mita sai likitansa ya ce ga wadda zai sa. Tsoho ko tsohuwar da ba ta riƙe babbar waya: Libre da na'urar karantawarta, wani ɗa ko jika ya ɗauki nauyin caji da sauyin sensa, a rubuta ranar sauyi a jikin kalanda, mita da ƙwayoyin sukari kuma su kwana a gefen gado.